Ina Famfunan Zafi na Gidaje Za Su Je Idan Sun Tsufa?

Tambaya: Na ga ƙasashe masu sanyi suna ta cire tukwanen ɗumama gida masu ƙona gas ko mai daga gidaje suna kafa famfon zafi, har gwamnatoci na ba da tallafi. Abin da ke damuna shi ne, nan da shekara 15 ko 20 miliyoyin injunan nan za su tsufa kusan lokaci guda. Anya ba wani tsaunin shara muke tarawa ba? Ana ta maganar tattalin arziki mai zagayowa. A aikace yaya yake a kan wannan inji, ko dai narka ƙarfen ne kawai a ƙera wani?

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, sai dai ba a inda ka ajiye ta matsalar take ba. Ƙarfen shi ne mafi sauƙi a lamarin gaba ɗaya. Mataccen famfon zafi ba ya kwana a bola, domin akwai jan ƙarfe da alminiyam a cikinsa, kuma ko'ina a duniya akwai mai saye. Abubuwan da ke salwanta su ne marasa nauyi: gas ɗin da ke cikin bututu, da maganaɗisun da ke cikin kwamfureso, wato na'urar da ke matse gas ɗin, da shekarun aikin da ya kamata injin ya yi amma bai yi ba don wani ɗan abu ya ƙone an rasa madadinsa.

Ga wanda bai san injin ba, famfon zafi ba ya ƙona komai. Kwaso zafi yake yi daga iskar waje, ko daga ƙarƙashin ƙasa, ko daga ruwa, ya shigo da shi gida. Aikinsa ɗaya da na firji, fuskar ce kawai aka juya. Akwai gas da ke zagayawa a rufaffen bututu. A waje yana tafasa ko da ana tsananin sanyi, ya sha zafi. Kwamfureso ya matse shi har ya yi zafi sosai, ya sauke zafin a ruwan da ke bin bututun gida ko a iskar ɗaki, sannan ya bi ta matsattsen bawul ya huce, ya koma farko. Da yake ɗauko zafin yake yi ba ƙirƙirarsa ba, awo ɗaya na lantarki yakan ba da awo 3 zuwa 4 na ɗumi, shi ya sa ake rububinsa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 famfunan zafi ne suka biya kusan kashi 10 cikin 100 na buƙatar ɗumama gine-gine a duniya, a 2022 kuma an sayar da kimanin miliyan 3 a Turai kaɗai. Irin mai jan zafi daga iska yakan yi shekara 15 zuwa 20. Ka ga lissafinka daidai ne: na 2022 za su fara sauka daga wajajen 2037.

Shi kuwa tattalin arziki mai zagayowa, mutane da yawa sun taƙaita shi a kan "a tara a narka". Waɗanda suka assasa tunanin ba haka suka ce ba. Walter Stahel, masanin zanen gine-gine ɗan Siwizalan, tun a rahoton da suka rubuta wa hukumar zartarwar Turai shi da Geneviève Reday a 1976, abin da ya dage a kai shi ne tsawaita rayuwar kaya. A kula da su, a gyara, a sake amfani, a sabunta a masana'anta, narkawa ta zo a ƙarshe bayan an rasa yadda za a yi. Gidauniyar Ellen MacArthur da aka kafa a 2010 ta yaɗa tunanin a tsakanin kamfanoni da gwamnatoci. Hujjar a fili take. Darajar kwamfureso ba a nauyin ƙarfensa take ba, tana cikin sassaƙar da aka yi masa, wadda tazarar da ke tsakanin sassansa ba ta kai kaurin gashi ba, da naɗin wayarsa, da gwajin da ya sha a masana'anta. Ranar da ka narka shi, duk wannan ya tafi, abin da ya rage maka 'yan kilo ne na ƙarfe.

Mu gama da ƙarfen tukuna, tunda shi ka ambata. Mafi yawan nauyin injin baƙin ƙarfe ne, wato akwatin waje da jikin kwamfureso, sai jan ƙarfe a bututu da wayoyi, sai alminiyam a siraran fikafikan da iska ke ratsawa. Narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake kashewa wajen fitar da sabo daga ma'adini, don haka babu gardama a kan ribarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne cakuɗewa. Idan aka jefa injin ɗungurungum cikin na'urar ragargaza, gutsattsarin jan ƙarfe sukan bi baƙin ƙarfe zuwa tukunyar narki, kuma da zarar ya narke a ciki babu hanya mai araha ta fitar da shi. Ƙarfen da ya kwashi jan ƙarfe da yawa yakan tsattsage a fuska idan ana murza shi da zafi, saboda haka ba ya komawa lafiyayyen farantin da ake ƙera jikin inji ko na mota, sai dai ya zama rodin gini. An sake amfani da shi, amma ya sauka daraja kuma ba ya sake hawa. Maganin shi ne a kwance da hannu kafin a niƙa, masu ƙira kuma su fifita noti da kusa mai kwantuwa a kan gam da walda duk inda ya yiwu.

Yanzu gas, kuma nan ne babbar maganar. Yawancin famfunan zafi da aka kafa daga farkon shekarun 2000 zuwa wajajen 2020 suna ɗauke da R410A. Kilo ɗaya nasa idan ya tsere sama, ɗumamar da yake jawowa cikin shekara 100 daidai take da ta kilo 2,088 na iskar kabon dayoksaid. Injin gida mai kilo 2 a cikinsa yana riƙe da abin da ya haura tan 4 ke nan, wanda zai iya zarce duk hayaƙin da aka fitar wajen ƙera injin tun daga mahaƙa har masana'anta.

Ranar cire tsohon inji hanya biyu ce a gaban mai aikin. Ta farko, ya zo da na'urar zuƙe gas da silinda ta musamman da aka kwashe iskar cikinta, ya ɗora ta a kan sikeli, ya haɗa tiyo da agogon awo a bakin bawul, ya kunna, ya tsaya yana kallon allura tana sauka har ta wuce sifili. Ya rubuta nauyin da ya samu, ya gwada shi da abin da ke rubuce a farantin jikin injin. Giɓin da ke tsakani shi ne abin da ya yi yoyo a shekarun baya. Sannan ya ɗauki silindar ya kai ta wurin masu karɓa. Ta biyu, ya sa almakashin ƙarfe ya datse bututu. Za ka ji fuuu, ka ga farin hazo ya taso da ɗan feshin mai, bakin bututun ya yi fari fat da ƙanƙara, cikin 'yan mintoci an gama. Ba tabo, ba shaida. Ƙarfen kuwa zai tafi wurin narki lafiya lau, a shigar da shi cikin lissafin kayan da aka sake sarrafawa, kowa ya yi murna. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Sakin gas ɗin da gangan laifi ne a Tarayyar Turai da Amurka da ƙasashe da dama, amma doka ba ta tsayawa a bayan mai gyara a lungun gida. Abin da ke aiki shi ne gas ɗin ya zama kuɗi a hannunsa. Nowe ta sa haraji a kan waɗannan gas a 2003, a 2004 kuma ta ƙara da tsarin mayar da kuɗin ga wanda ya dawo da tsohon gas aka lalata shi. A ganina wannan ya fi tara da barazana, domin mutum ba ya sakin abin da zai sayar.

Zuƙewar ma rabin aiki ce. Gas ɗin da ya fito daga tsohon inji yana ɗauke da mai da danshi, wani lokaci har da asid idan kwamfureso ya ƙone. Sai an kai shi matata an tace shi, an auna shi a ɗakin gwaji ya kai matsayin sabo, kafin a zuba shi a wani inji da kwanciyar hankali. Abin da ke ɓata wannan shi ne gamin-gambiza: mai gyara yana da silinda ɗaya tak, yau ya zuba R410A, gobe R32, jibi R407C. Rarrabe su yana da tsada, sau da yawa sai dai a ƙona duka a tanderu mai tsananin zafi. Silinda daban ga kowane gas, da rubutu a jikinta, ƙaramin abu ne, amma a kansa zagayen gas ya dogara. Kamfanin Daikin ya fara a 2019 wani shiri a Turai na amfani da tataccen tsohon gas a manyan na'urorinsa na ofisoshi da shaguna, abin da ya nuna cewa hanyar tana ɓullewa idan akwai mai saye a ƙarshenta.

Mafi alheri dai shi ne a daina zuba abin da sai an yi farautarsa daga baya. Tarihin gas ɗin nan gudun gara ne ana faɗawa gidan zago. R22 yana cin lulluɓin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, aka ɗaure shi a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 da gyare-gyarenta. Aka koma R410A, wanda ba ya taɓa ozon amma yana ɗumama duniya, har sai da aka yi Gyaran Kigali a 2016 don rage irinsa. Aka sauko R32 mai awo 675, wato kilo ɗaya nasa daidai yake da kilo 675 na kabon dayoksaid wajen ɗumama duniya. Akwai kuma sababbin gas na haɗi masu ƙaramin awo, sai dai wasunsu idan sun rushe a sama sukan bar wani asid da ba ya ruɓewa, ruwan sama ya sauko da shi ya taru a rafuka da ruwan ƙasa. A 2023 ƙasashe biyar, Jamus da Holan da Denmak da Suwidin da Nowe, sun gabatar wa hukumar sinadarai ta Turai buƙatar taƙaita dangin sinadaran da wasu daga cikin waɗannan gas suka fito. Ni dai inda na fi karkata shi ne gas na asali. Furofen, wanda ake kira R290, awonsa bai wuce 3 ba. Ita kanta kabon dayoksaid ana amfani da ita, kamar a na'urorin dafa ruwan wanka na EcoCute da Japan ta fara sayarwa a 2001. Furofen yana kamawa da wuta kuma ya fi iska nauyi, shi ya sa ake yin injinsa dunƙule guda a ajiye a waje, nesa da taga da bakin magudana, ruwa kaɗai ke shiga gida. Wannan ƙira tana da wata fa'ida: a masana'anta ake rufe hanyar gas ɗin, babu mahaɗan da aka ɗaura da hannu a wurin aiki, waɗanda su ne suka fi yoyo. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2024/573 ta tura kasuwa wannan ɓangare. Daga 2027 ƙananan injuna dunƙulallu masu kilowat 12 zuwa ƙasa ba za su shiga kasuwa da gas mai awo 150 ko fiye ba, in ban da inda ƙa'idar tsaro ta tilasta.

Sai dai canjin doka shi ma yana kashe injuna da ransu. Daga Janairun 2015 an hana zuba R22 a Turai ko da tsoho ne da aka tace, sai ya zama duk injin da ya yi ɗan yoyo ya tashi daga aiki ko da komai nasa lafiya yake. Miliyoyin masu R410A da ke aiki yanzu za su buƙaci ciko nan gaba, alhali ana rage adadin sabon gas da ake bari ya shiga kasuwa mataki-mataki. Gas ɗin da aka zuƙe daga matattu shi zai ciyar da rayayyu. Kuma kada wani ya ce maka zai juye furofen a injin da aka ƙera don R410A. Ba a yi kayan lantarkinsa don gas mai kamawa da wuta ba, matsinsu ma ba ɗaya ba ne. Wannan ganganci ne da rai.

Abu na biyu shi ne maganaɗisu. Kwamfureson zamani mai inbata, wanda ke ƙara gudu ko ragewa gwargwadon buƙata, yawanci moto ne mai maganaɗisu na dindindin. Idan ka yanka gwangwaninsa ka zaro ɓangaren da ke juyawa, za ka ga siraran faranti masu launin toka an cusa su cikin ramuka a jikin ƙarfen, ƙarfinsu ya isa ya fizge sukundireba daga hannunka. Masu ƙarfin cikinsu da niyodimiyam ake yi, wani lokaci da ɗan disfurosiyam don su jure zafi. Kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan maganaɗisu a ƙasar Sin ake ƙera shi, abin da ake dawo da shi daga tsofaffin kaya a duniya kuma bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Dalilin yana da ban haushi. A na'urar ragargaza maganaɗisun yakan farfashe, garin ya manne a jikin baƙin ƙarfe, su tafi tukunyar narki tare, ya ƙare a cikin kashin ƙarfe. Hanyar ceto shi akwai ta. A Jami'ar Bamingam da ke Ingila an ƙirƙiro dabarar busa masa iskar haidirojin, ya kumbura ya ruguje ya zama gari, ƙarfin jansa ya mutu, a kakkaɓe shi daga jikin ƙarfen a sake matse shi ya zama sabon maganaɗisu. Amma kafin a kai nan sai wani ya ware kwamfureson, ya tsiyaye mansa, ya yanka gwangwanin da aka rufe da walda. Kuma ba ka ganewa daga waje ko mai tsadan ne a ciki ko mai arhan da ake kira ferait. Dokar Turai ta muhimman ma'adinai ta 2024 ta sa famfunan zafi cikin jerin kayan da za a riƙa liƙa musu bayanin irin maganaɗisun da ke ciki. Ƙaramin tambari ne, amma shi zai gaya wa mai kwancewa ko yankan zai biya wahalarsa.

Na uku, wanda a wurina ya fi duka, shi ne tsawon rai. Inji ɗaya da ya yi shekara 20 ya fi biyu da suka yi goma-goma, ko da an narka su tsaf. Kuma yawancin abin da ke yanke wa famfon zafi kwana tun ranar kafawa ake shuka shi.

Na sha ganin gidan da aka sa wa inji ninkin buƙatarsa, don mai kafawa yana tsoron a kira shi ranar sanyi a ce gida bai yi ɗumi ba. Irin wannan inji ba ya samun natsuwa. Ya tashi, cikin 'yan mintoci ya cika aiki ya mutu, ya sake tashi. Kowane tashi yana wahalar da kwamfureso, domin man da ke sulɓanta shi bai gama dawowa daga bututu ba aka sake tayar da shi. Haka kuma idan aka bar ƙananan radiyetoci, wato ƙarafan da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki, waɗanda aka gada daga tsohuwar tukunyar ɗumama gida, dole injin ya tura ruwa mai digiri 55 ko fiye, maimakon 35 zuwa 40 da manyan radiyetoci ko bututun ƙarƙashin daɓe ke wadatuwa da shi. Matsi ya ƙaru, wuta ta ƙaru, rai ya ragu. A injuna masu rabe biyu da ake haɗa bututun gas a wurin aiki, idan aka yi walda ba a busa naitirojin a ciki ba, baƙin ɓawo yakan fito a cikin jan ƙarfen ya bi gas ya toshe bawul. Idan ba a zuƙe iska da danshi sosai ba kafin a saki gas, danshin ya haɗu da mai ya zama asid, ya riƙa cin rufin wayar moto a hankali. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke nuna kansa a shekarar farko. Sai garanti ya ƙare. Shi ya sa nake cewa auna zafin da kowane ɗaki ke asara kafin a zaɓi inji, da toshe kafofin da ɗumi ke zurarewa, su ma aikin zagayowa ne. Gidan da ke riƙe ɗuminsa ƙaramin inji yake buƙata, kuma jan ƙarfen da ba a haƙo ba ya fi wanda aka narka.

Sai kuma fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa inbata. Sau da yawa shi ke fara mutuwa, ba kwamfureso ba. Buɗe murfin za ka tarar da kafasito, 'yan gwangwanaye a tsaye, ɗaya kansa ya kumbura ko ya tsiyayar da wani ruwa mai launin ƙasa. Ƙa'idar da masu aikin lantarki ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwar irin wannan kafasito biyu. Canza shi aikin ɗan lokaci ne ga wanda ya iya dalma. Amma idan an malale fanel ɗin da ƙaro mai tauri, ko kamfanin ya ƙi ba da taswirarsa, ko ya daina ƙera shi bayan 'yan shekaru, ko sabon fanel ba ya tashi sai da lambar sirri daga manhajar kamfani, sai a ce wa mai gida ya sayi sabon inji. Inji mai nauyin kilo 100, lafiyayyen kwamfureso, cikakken gas, ya tafi gwangwan saboda abin da bai kai babban yatsa ba. Tun Maris 2021 dokar Turai ta tilasta wa masu ƙera firji da injin wanki su ajiye kayan gyara na shekara 7 zuwa 10 bayan sun daina sayar da samfuri. Ko shekara 10 ta yi kaɗan ga abin da ake sa ran zai yi 20. Ga mai saye, tambayoyin da suka fi launin akwati amfani su ne: shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin kayan gyara a rubuce, mai gyara mai zaman kansa zai iya karanta lambobin matsala ba sai da izinin kamfani ba, kuma idan kamfanin ya rufe manhajarsa ta intanet injin zai ci gaba da aiki daga maɓallan bango?

Za ka iya cewa ai sabon inji ya fi tsoho tsimin wuta, me ya sa za a riƙe tsohon? Tambaya ce mai kyau, domin a yawancin wurare lantarkin da injin ke sha tsawon rayuwarsa shi ne kaso mafi girma na hayaƙinsa. Idan tsoho ne marar inbata, mai yoyo, a wurin da ake samar da lantarki da gawayin kwal, canza shi ya fi, muddin an zuƙe gas ɗin. Idan kuwa mai inbata ne ɗan shekara 10 da fanka ko fanel kawai ya lalace, gyara ya fi nesa ba kusa ba, domin tazarar da ke tsakaninsa da sabo ba ta kai ta biya ƙera wani ba. Kuma duk sa'ad da lantarki ya ƙara tsabta da hasken rana da iska, nauyin lissafin yana komawa kan ƙira da gas, gyara kuma yana ƙara rinjaye.

Masu jan zafi daga ƙasa suna koyar da wani abu a nan. Bututun robar da ake binnewa yakan wuce shekara 50, wato zai ga injuna biyu ko uku sun zo sun tafi. Haka tankin ruwan zafi da radiyetoci da bututun cikin gida, duk sun fi injin tsawon rai. Ƙira mai kyau ita ce wadda ke barin a cire gajeren rai a bar dogon rai, da mahaɗai da wayoyin sadarwa da kowane kamfani zai iya hawa kansu. Idan sabon inji ba ya magana da tsohon tanki sai na kamfaninsu, an mayar da lafiyayyen tanki shara da gangan.

Kasuwar na-hannu kuwa ba na zumuɗinta sosai. Manyan kwamfuresoshin masana'antu da noti ake ɗaure su, an daɗe ana kwance su a sabunta a sayar da garanti. Na gida a rufe yake da walda, ba ka ganin cikinsa, ba ka san sau nawa ya tashi ya mutu ba. Abin da zai buɗe wannan kasuwa shi ne tarihi. Injin ya riga ya san awoyin da ya yi da yawan tashinsa da matsalolin da ya fuskanta, saura a bar mai shi da mai saye su gani. Fasfon kaya na dijital da dokar Turai mai lamba 2024/1781 ta tanada zai iya taimakawa idan ya iso kan waɗannan injuna. In babu wannan, "sake amfani" yakan zama suna mai daɗi na loda matattun kaya a kwantena zuwa ƙasashen da ba su da matatar gas, abin da Yarjejeniyar Bazel ta 1989 ke ƙoƙarin hanawa.

Duk wannan yana komawa kan tambaya ɗaya: wa ke asara idan injin ya mutu da wuri? A ciniki na yau da kullum mai gida ne, kamfanin ma sabon ciniki ya samu. Japan ta taɓa wannan da dokarta ta kayan lantarkin gida da ta fara aiki a Afirilun 2001, wadda ta shafi na'urorin sanyaya ɗaki, kuma a can yawancinsu suna ɗumamawa a lokacin hunturu. Mai kaya ya biya kuɗin sarrafawa, dillali ya karɓa, wanda ya ƙera ya kwance abinsa. Kamfanin da ya san kayansa za su dawo masa ya kwance da hannunsa yakan fara tunanin yawan kusoshin da yake sawa. Akwai kuma tsarin da ya fi wannan nisa, wanda Stahel ya daɗe yana kira gare shi: kamfani ya riƙe mallakar injin, mai gida ya biya kuɗin ɗumi wata-wata. A nan kowace ƙarin shekara riba ce ga kamfanin, shi zai so fanel mai gyaruwa, shi zai aiko a zuƙe gas don nasa ne. Ina son tsarin, amma da sharaɗi. Yarjejeniyar shekara 15 igiya ce a wuya idan ba a fayyace abin da zai faru in an sayar da gidan ba, ko kamfanin ya karye, ko ya ga dama ya ƙara farashi, ko kuma yana da ikon kashe injin daga nesa a tsakiyar hunturu don an makara biya.

Tallafin da ka ambata shi ma yana da gyara. A Ingila da Wales, alal misali, a Oktoban 2023 gwamnati ta ɗaga tallafin kafa famfon zafi zuwa fam 7,500, kuma irin wannan kuɗi da kafawa ake ɗaure shi. Da ni ake shawara, da an riƙe wani kaso sai bayan hunturu biyu mita ta nuna injin yana ba da ɗumin da aka yi alƙawari a kan wutar da yake sha, an kuma ajiye wani ɗan kaso da lambar injin, wanda ba ya fita sai ranar da wani ya kawo silinda da takardar awon gas ɗin da ya zuƙe, tare da kwamfureson a ware.